Wanki Ya Biyo Sitaci Har Ciki

A layin da ke bayan tashar mota, tsakanin rumfar mai faci da wani kantin gyaran agogo da ya daɗe a rufe, akwai shagon da tururi ke riga mai shi leƙowa waje kowace safiya. Ɗan ƙaramin wuri ne, idan mutum biyu suka shiga dole ɗaya ya tsaya a karkace. Teburin guga ya cinye rabinsa. Sauran rabin riguna ne a rataye sahu-sahu, sun yi shiru kamar masu jiran likita. Ta baya akwai ɗan fili da famfo da bahuna, da igiyoyin shanya waɗanda ba su san ranar hutu ba.

Mai shagon yana da suna kamar kowa, amma ko matarsa sai ta yi ɗan tunani kafin ta tuno shi. Sitaci ake ce masa. Ya samo sunan ne tun yana saurayi, lokacin da hannunsa bai san awo ba. In ya sa wa wando sitaci, wandon kan tsaya da ƙafarsa, har akwai waɗanda suka rantse sun ga wani wandon ya kama hanyar gidan mai shi shi kaɗai. Daga baya hannun ya ƙware, sunan kuwa ya ƙi fita, kamar tabon tawada a farin aljihu. Da furfura ta zo sai aka ƙara masa Baba a gaba, iyakar ƙarin girman da ya samu a sana'ar ke nan.

A wurin kawunsa ya koya. Kawun ya rasu ya bar masa dutsen guga na gawayi mai ɗan zakara a ka, da ciwon baya, da kwastomomi. Sitaci ya san unguwar nan ta kwalar rigunanta. Ya san wanda aka ƙara wa matsayi a ofis, don sai ya fara kawo kwat. Ya san wanda suka yi faɗa da matarsa, don sai ya zo da kansa da ƙunshin kaya har da zanen gado, yana kallon gefe. Bai taɓa faɗa wa kowa sirrin kowa ba, in ban da matarsa, ita kuwa a lissafinsa ba kowa ba ce, rabin kansa ce da aka ajiye a gida.

Abin da ya fi faranta masa rai a duniya shi ne ruwan wanki. In ya tsoma kaya a baho ya murza, ruwan ya yi duhu, sai ka ga haƙoransa a waje. “Kalli nan,” yakan ce wa duk wanda tsautsayi ya sa ya tsaya kusa, “aiki na ci.” Ruwa mai duhu shi ne shaidarsa cewa bai cuci mai kaya ba.

Matar tasa Alƙali yake ce mata, domin tun da ta shigo gidan ba a taɓa rufe wata magana ba sai ta yanke hukunci, kuma babu ɗaukaka ƙara. Ita kuma sunayensa uku ne a bakinta. In ana zaman lafiya, Malam. A gaban baƙi, Baban yara. In ka ji ta ce Mai Wanki, to an riga an same shi da laifi, karanta hukunci kawai ya rage.

A duk tsawon sana'arsa kaya ɗaya ya taɓa ɓatawa, kuma da yake abin ba ya tashi faɗawa sai inda zai fi zafi, nata ne. Zane ne shuɗi mai fararen furanni, na farko da ya saya mata bayan aurensu. Don ya burge amarya ya ce shi zai wanke mata. Ya jiƙa, ya murza, ruwa ya yi duhu, ya yi murna ya ƙara murzawa, yana faɗi a ransa lallai masu kanti ba su da tsafta. Sai da ya shanya ya gane ba dauda ce ke fita ba, zanen ne ke zuba. Shuɗin ya koma kalar tsohon bango, furannin suka zama sai ka ƙura ido. Alƙali ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yar da shi ba. Ta ninke ta sa a ƙasan akwati, kuma tun daga ranar duk gardamar da ta yi tsawo a gidan, sai ta miƙe ta nufi akwatin. Yawanci kafin ta buɗe ya janye ƙara.

Mai facin da ke maƙwabtaka da shi kuwa ƙaninta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sitaci ne ya samo masa rumfar, abin da yake cewa shi ne kuskurensa na biyu bayan zane. Kullum suna faɗa a kan baƙin mai da ke fantsamo wa shanya, kullum kuma a kwano ɗaya suke cin abincin rana.

Haka rayuwa ta yi ta tafiya, da wanki da guga aka yi wa yara makaranta. Babban ya samu aiki a babban birni mai nisa, na tsakiya suka watsu, Auta ta yi aure. Sai ƙafafun Sitaci suka fara kumbura. Ya ce tsayuwa ce. Takalmi ya ƙi shiga, ya ce masu takalman yanzu ne ba su da tsoron Allah. Dutsen gugar da ya yi shekaru yana wasa da shi kamar cokali ya fara yi masa nauyi, abinci ya koma ɗanɗanon ƙarfe a bakinsa. Da ma an daɗe da ce masa yana da hawan jini, shi kuma yana shan maganin ne ranar da ya tuna, ranar da ya tuna kuwa ita ce ranar da Alƙali ta tsaya a kansa.

A ƙarshe ita da ƙaninta suka sa shi a tsakiya zuwa asibiti. Bayan gwaje-gwaje likita ya zaunar da su, ya ce ƙodojin duka biyu sun gaji, ba sa iya tace jini kamar da.

“Baba, sai dai a riƙa yi maka wankin ƙoda.”

Sitaci ya dubi matarsa, ya dubi likita. “Wanki kuma, likita? Na yi wa gari wanki har na tsufa, yanzu ya biyo ni har ciki?”

Likitan ya yi dariya, Alƙali ba ta yi ba. Ya ce hanya biyu ce. Ta farko inji, wanda ke jan jini ya tace ya maido. Injin kuwa babu shi a nan kusa, sai a babban asibitin birnin da ɗansu yake, kuma kusan rabin kowane mako a can mutum zai ƙare, har iyakar rayuwa. Sitaci bai bari ya ƙarasa ba ya fara girgiza kai. Ya san gidan ɗan nasa, hawa na sama ne a wani dogon bene, inda ba ka da aikin yi sai kallon rufin motoci ta taga, kuma a can inji ne ke yi musu wanki, abin da har yau bai gama yafe wa yaron ba.

“Ta biyun fa?”

Likitan ya buɗe gefen kwat ɗinsa ya nuna masa ciki. “Mene ne wannan?”

“Shafi,” in ji Sitaci. “Kuma wanda ya goge maka ya sa wuta da yawa, ga shi nan ya fara ƙyalli.”

“To kai ma kana da shafi a cikinka. Tantani ne siriri, mai santsi. Ya shafe bangon ciki ta ciki, ya kuma naɗo ya lulluɓe hanji da hanta da tumbi, don su riƙa motsi ba tare da sun goge juna ba. Cike yake da ƙananan jijiyoyin jini. In muka sa maka ’yar roba a ƙasan cibiya, ka zuba wani ruwa na musamman ya zauna a ciki, dattin da ke cikin jininka zai ratso ta tantanin ya shiga ruwan. Bayan wasu sa'o'i ka zubar, ka sa sabo. A gida za ka riƙa yi, da hannunka.”

“Wato jiƙo.”

“Jiƙo ne. Amma ka ji sharaɗin. Tantanin nan ba ya son baƙo. In ƙwayar cuta ta bi robar ta shiga, zai kumbura. In abin ya yi tsanani ko ya yawaita, sai ya yi kauri ya daina tacewa, kuma ba a sayar da wani. Daga nan sai inji.”

Sitaci ya shafa cikinsa a hankali, kamar wanda aka gaya wa yana ɗauke da juna biyu. Shekara da shekaru yana yawo da shafi mai tsada haka, bai taɓa sani ba. Shi da ya san yadda ake lallaɓa shafin kwat ɗin wasu.

Aka yi aikin, aka sa roba. Wata ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Sista, gajeriya mai muryar kwamanda, ita ta koya musu. A rufe taga. A kashe fanka. A sa takunkumi. A wanke hannu har tsakanin yatsu, a goge da takarda mai tsafta. Bakin robar kada ya taɓa komai, ko da alkyabbar sarkin tsafta ce. Da ta zo kan wankin hannu Sitaci ya miƙa mata tafukansa, farare fes, sun yi laushi kamar na jariri.

“’Yata, hannun nan tun ba a haife ki ba yake kwana a sabulu.”

“To ya ƙara kwana ɗaya, Baba. Wanke.”

Ta kuma yi dogon bayani a kan ruwan da zai riƙa fitowa, yadda ya kamata ya kasance da yadda bai kamata ba. Alƙali ta ji kowace kalma. Sitaci kuwa a daidai lokacin idonsa na kan hannun rigar Sista, inda wani marar imani ya yi mata kari biyu a wuri ɗaya. Yana ta gyaɗa kai, Sista ta ɗauka fahimta ce, ashe takaici ne.

A gida aka kwashe ɗakin Auta, aka wanke shi har silin. Aka kafa ƙusa a bango, Sitaci ya kawo hangar da ta fi kowace kyau a shago, ta katako, wadda sai kwat ɗin manya ke hawa, ya ce a nan ledar ruwan za ta riƙa rataya. Da safe, da rana, da yamma, da kafin kwanciya, sai ya shiga ya rufe ƙofa. Tsohon ruwa ya gangara cikin ledar da ke ƙasa, sabo ya sauko daga ta sama. Alƙali na zaune a kan kujera ’yar tsugunne da nata takunkumin, ita ke ɗaga ledar ƙasa ta duba a haske kafin a zubar.

Kumburi ya saɓe. Abinci ya dawo da ɗanɗanonsa. Ya koma shago, ya bar wa wani murza manyan kaya, shi ya riƙe guga, yana tafe da ruwa a ciki yana ɗan ƙulu-ƙulu in ya juya da sauri.

“Mijin Yaya,” in ji Mai Faci, “ashe kai ma taya ce. Ga tub a ciki, ga bakin ba da iska a waje. In ka ji ka sace ka yi magana, ba zan caje ka da tsada ba.”

“Da hannun nan naka? Ko inuwarka ban yarda ta taɓa cikina ba.”

Sai dai akwai abin da ke damun Sitaci a ƙasan zuciya, wanda bai faɗa wa ko rabin kansa ba. Ruwan da ke fitowa garau yake, ɗan rawaya-rawaya, kana hango yatsunka ta bayan leda. Wane irin wanki ne wannan? An jiƙa abu tun safe, a ce ruwa ya fito kamar ba a taɓa shi ba? Da yaron shago ne ya kawo masa irin wannan ruwan, da ya ce koma ka murza. Ya fara zargin ko tantanin nasa malalaci ne, yana karɓar ruwa yana mayarwa don a ce ya yi.

Ana haka Auta ta haihu, Alƙali ta tafi ta yi mata ’yan kwanaki. Kafin ta fita ta maimaita masa dokokin Sista kamar mai karanta wa fursuna sharuɗɗan beli. Ya ce ta tafi da kwanciyar hankali, ai ba yau aka haife shi ba.

A makon ne wani otal ya jibge masa zannuwan tebur, ana so da gaggawa. Rana ta take, lokacin canjin ruwa ya yi, gida kuma da ɗan tafiya. Da ma ya taho da leda ɗaya a jaka saboda irin haka. Ya duba shagonsa. Ina ne ya fi nan tsafta a garin nan? Ya shige bayan rigunan da ke rataye, ya sagala ledar a tsakanin wata kwat da wata doguwar riga. Fanka na juyawa, bai kashe ba, don zafin gawayi ya ishe shi. Hannu kuwa yanzu ya fito daga ruwan sabulu. Garin haɗawa bakin robar ya kuɓuce ya taɓa gefen tebur. Sitaci bai razana ba. Ya ɗauko wani farin hankici da ya gama gogewa yanzun nan, da sauran ɗuminsa, ya share bakin robar tsaf, ya haɗa. A duniyar da ya sani, babu abin da ya kai gogaggen hankici tsarki.

Ba a jima ba, wata safiya ya ɗaga ledar ƙasa ya ga ruwan ya yi fari-fari, dishi-dishi, kamar wanda aka wanke shinkafa da shi. Ya ɗaga a haske, bai ga yatsunsa ba. Wani daɗi ya lulluɓe shi.

“Yauwa,” ya ce wa cikinsa. “Sai yau ka fara aiki.”

Da rana cikin ya fara ciwo, irin wanda in mota ta faɗa rami sai ka ji har ƙwaƙwalwa. Ya ce tsohuwar dauda ce ke ɓamɓarowa, ai ba a raba tabo da yadi cikin lallashi. Washegari ruwan ya ƙara kauri, jikinsa ya yi zafi, yana guga yana dafa tebur. Da aka kawo abincin rana ya ture kwanon gaban surukinsa, amma bakinsa bai iya riƙe albishir ba.

“Ka san wankin nan sai yanzu ya kama? Da ka ga ruwan da na zubar yau. Kamar na labulen tasha.”

Mai Faci ya tsaya da loma a hannu. Shi a tasa sana'ar, in ka tsoma tub a ruwa ka ga ruwan ya canza hali, ba murna ake yi ba. Ya dubi gumin da ke goshin mijin yayarsa, ya dubi yadda yake tafiya a duƙe kamar mai neman allura.

“Yaya ta ga ruwan?”

“Me ya haɗa Alƙali da ruwan wanki? Kowa da fanninsa.”

Mai Faci ya ajiye lomar ya miƙe. Ya goge hannu a wandonsa, wanda hakan ƙara wa hannun datti ne, ya zaga bayan rumfa ya kira waya.

Kafin la'asar Alƙali ta iso gida. Ta same shi a ɗakin Auta, ya dawo canjin ruwa, yana zaune a bakin gado ya haɗa gumi, ledar na ƙasa ta kusa cika. Ta sa takunkumi, ta wanke hannu, ta jira ya gama ya rufe robar. Sannan ta ɗaga ledar a hasken taga. Ta daɗe tana kallo.

“Mai Wanki.”

“Kin gani ko? Dauda ce ke fita.”

“Tun yaushe?”

“Jiya. Tun da safe.”

“Me Sista ta ce a yi in ruwa ya gurɓace?”

Abin da ya iya tunowa daga ranar kari biyu ne a hannun riga.

“Cewa ta yi a taho a take, ko takalmi kada a tsaya nema. Tashi.”

A nan ne murnar ta zube, abin da ke ƙarƙashinta ya fito. Ya riƙe ƙarfen gado. “In na je za su ce shafin ya lalace. Za su cire robar su tura ni gidan yaron nan, in zauna a sama kamar tantabara. Ki bari mu ga gobe. Wataƙila ya washe da kansa.”

Ta fita, ya ji ƙarar murfin akwati. Wannan karon bai samu bakin janye ƙara ba. Ta dawo ta warware zanen a gabansa, koɗaɗɗe, da ƙanshin ajiya, ta shimfiɗa masa a cinya.

“Ranar da ka wanke wannan, ruwan ya yi duhu?”

“Ya yi.”

“Dauda ce?”

Ya sunkuyar da kai yana shafa gefen zanen.

“Na tambaye ka, Malam. Dauda ce?”

“Zanen ne ke zuba.”

“To wannan ma ba dauda ba ce. Shafinka ne ke zuba. Ranar nan da ka tsame zanen da wuri, da yau da sauran shuɗinsa. Ka tsaya kana murna kana murzawa. Zane na haƙura, na sa a akwati. Kai a wane akwatin zan sa ka?”

Ta juya tana gyara labulen da babu abin da ya same shi. Sitaci ya dubi furannin da shi ya kashe su da hannunsa. Ya saki ƙarfen gadon.

“Ɗauko min takalmin.”

“An ce kada a tsaya nema.”

Mai Faci na ƙofar gida da motar haya, ya shimfiɗa jarida a kujera don kada a ce shi ya ƙara wani abu.

A asibiti Sista ta karɓi ledar, ta dube ta, ta dube shi. Ya ba da labarin fanka da hankici da kansa, yana kallon silin. Ta ja numfashi.

“Baba, guga tana kashe tamoji, ban hana ba. Amma hankicin nan ka riƙe shi da hannu, ka ajiye a tebur, iska ta bi ta kansa. Abin da ke shiga robar nan ido ba ya ganinsa. Farin da ka gani kuwa dakarun jikinka ne suka taru a tantanin suna yaƙi. Dattin da muke cirewa ba shi da launi da za ka gani.”

“Wato duk watannin nan yana aiki?”

“Yana aiki tun ranar farko.”

Kunya ta kama shi, ba ta Sista ba, ta tantanin. Bawan Allah yana ta wahala a ɓoye, dare da rana, ba albashi ba godiya, shi kuma yana zarginsa da lalaci.

Aka kwantar da shi. Aka riƙa zuba magani a cikin ledar ruwan kafin ta shiga. Likita ya faɗi gaskiya: in ruwan ya washe cikin ’yan kwanaki, an tsira. In ya ƙi, dole a cire robar don a ceci ransa, sai maganar inji. Babban ɗansu ya iso da jaka da shiri, ya ce ya riga ya gyara wa Baba ɗaki, har da talabijin. Sitaci ya yi masa godiya, ya juya fuska bango.

Kwanakin nan ba su yi masa daɗi ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana addu'ar ruwa ya yi duhu, ga shi kwance yana roƙon ya fito garau. Duk canji sai ya ɗago kai ya leƙa ƙasan gado. Ranar farko kamar ruwan shinkafa. Ta biyu kamar an ɗan sirka. In ba kowa kusa yakan ɗora hannu a ciki ya yi magana ƙasa-ƙasa, irin yadda yake lallashin siliki kafin ya ɗora masa dutse. “Yi haƙuri. Na sa maka wuta da yawa. Ka taimake ni wannan karon, ba zan ƙara ba.” Mai Faci ya taɓa shigowa ya same shi a haka, ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya fasa, ya ajiye lemon da ya kawo ya zauna. Daga baya ya ce wannan ne shiru mafi tsada da ya taɓa yi.

Wata safiya Alƙali ta shigo ɗakin, Sitaci ya dube ta ya sake dubawa. Koɗaɗɗen zanen ne ta ɗaura, a tsakiyar asibiti, a gaban mutane.

“Haba Alƙali, da wannan kika ratso gari? Ai sai a ce mijinki ba mai wanki ba ne.”

“Sai a ce shi ne.”

Sista ta zo aka yi canji. Da ledar ƙasa ta cika ta ɗaga, ta waiga tana neman jarida, don haka suke gwadawa, in ana iya karanta rubutu ta cikin ruwan to ya washe. Alƙali ta ce ba sai an nemo ba. Ta zauna a bakin gado, ta baza gefen zanen a cinyarta, ta ce a ɗora a nan. Aka ɗora.

Sitaci ya yunƙura ya leƙa. Ta cikin ruwan, ɗan rawaya-rawaya, ga fure nan. Ba ma furen kaɗai ba, har ’yan siraran ganyen da ke gefensa, waɗanda shi kansa ya manta akwai su.

“Kina gani?” ya ce.

“Ni na daɗe ina ganinsu. Kai nake jira.”

Sista ta ce sai gwaji ya tabbatar, kuma sai ya ƙarasa maganinsa har ƙarshe. Gwajin ya tabbatar. Likita ya ce tantanin ya sha wuya amma yana nan da ƙarfinsa, kada dai a sake gwada shi. Babban ɗa ya koma da jakarsa, ya ce ɗakin na nan in an canza shawara. Uban ya ce ya sa injin wankinsu a ciki, ya ji daɗin talabijin.

Yanzu in ka bi layin bayan tasha da tsakar rana za ka tarar da shagon a rufe na ɗan lokaci, ko da kayan wa ke kan tebur. Masu gaggawa sukan tsaya suna ƙorafi, Mai Faci ya leƙo daga ƙarƙashin mota ya ce su yi haƙuri, maigidan ya je wankin nasa kayan. A gida kuwa zanen bai koma akwati ba. Yana ninke a kan ɗan tebur a ɗakin Auta, ƙarƙashin hangar katako. Kowace safiya Sitaci kan wanke hannu har tsakanin yatsu, yana gunaguni ta cikin takunkumi, in an gama ya ɗora ledar a kan zanen, su duƙa su biyu.

“Ka ga furen?”

“Na gani.”

“Har ganyen?”

“Har ganyen, ranki ya daɗe.”

“To ɗauki hularka, Malam. Mutane na jiran kayansu.”